"Jikina Ya Ba Ni": Ita Ma Firasa Koyonta Ake Yi



Akwai maganar da ba a wuni a garin nan ba a ji ta sau goma ba: "jikina ya ba ni." Mai shago zai hana mutum bashi, in ka tambaye shi dalili ya ce jikinsa ne bai ba shi ba. Uwa za ta hana ɗanta zuwa Taminus da yamma, ta ce ita dai hankalinta bai kwanta ba. Direba ya gama lodin Bukuru tsaf, sai ya kashe mota ya ce a ɗan dakata tukuna. Jama'armu sun rabu biyu a kan wannan. Wasu, musamman 'yan boko da wasu ɗaliban ilimi, suna cewa camfi ne kawai. Wasu kuma sun ɗauke shi tamkar wahayi, in jikinsu ya faɗa musu abu, ko alƙali bai isa ya juya su ba. Mu da muka yi shekara talatin da ɗoriya tsakanin rumfar kasuwa da masallacin unguwa, abin da muka gani shi ne sana'a ce kamar awo da ɗinki. Ana koyonta, ana ƙwarewa, akwai gwani akwai ɗan koyo, kuma akwai inda ko gwanin ba ta yi masa aiki.

Bari mu fara da kasuwa, don can ne abin ya fi fitowa fili. Waɗanda suka yi yaron shago a tsohuwar babbar kasuwar Taminus, kafin gobarar watan Fabrairun 2002 ta cinye ta, za su tuna yadda iyayen gidanmu suke yi. Mutum zai zo ya taya atamfa, ya juya ta, ya ajiye ya tafi. Da ya ba da baya sai maigida ya waiwayo ya ce, "Kai, wannan zai dawo ko ba zai dawo ba?" Dole ka ba da amsa. In ka ce zai dawo, sai ya ce, "Me ka gani?" Wannan tambaya ta biyu ita ce karatun. Ba ya yarda ka ce masa "haka dai na ji." Sai ka lalubo abin da idonka ya kama: ya ɗaga turmin ya duba shi a hasken rana, ya tambayi ko akwai irinsa mai ruwan ƙasa, hannunsa ya je aljihu sau biyu. Kafin La'asar kuwa za ka san ko ka yi daidai, domin mutumin ko ya dawo ko bai dawo ba. A rana ɗaya yaro zai yi irin wannan hasashe sau ashirin, a shekara lissafa ka gani. Bayan shekara goma ba ya bukatar ya tsaya ya jera alamun nan ɗaya bayan ɗaya. Mutum yana doso rumfa, kafin ya yi sallama, amsar ta riga ta sauka a ƙirjinsa. Shi ne yake kira "jikina ya ba ni." Idonsa ne da kunnensa suka ba shi, sai dai sun yi saurin da bakinsa ba ya iya bin su.

Kowace sana'a da nata. Dillalin kayan gwari a Farin Gada zai ɗaga kwandon tumatir ya ajiye, ya ce wannan ba zai kai Fatakwal ba, alhali na saman jajir yake gwanin sha'awa. Nauyin ne ya faɗa masa, da ɗan danshin gindin kwandon, da wani wari da mu ba za mu ji ba. Mai sarin dankalin Turawa daga Bokkos ya san manya ake jerawa a bakin buhu, don haka hannu yake zurawa can tsakiya, kuma in na damina ne ya fi tsananta bincike, saboda ciwon da ke kama shi a gona ba ya nunawa sai an yi kwana biyu a mota. Kakanninmu da suka zo tudun nan aikin kuza, ana ba da labarin wasunsu cewa da sun damƙi baƙin yashi a tafin hannu sun san ko kuza ce ko tarkace, tun kafin a wanke a ɗora a sikeli. Ba wanda ya taɓa cewa aljanu ke faɗa musu. Kowa ya san hannu ne da ya daɗe yana ɗauka, sikeli kuma yana gyara masa kuskure nan take.

Inda aka fi bukatar wannan ido shi ne wajen bashi, don shi ne ke karya ɗan kasuwa fiye da gobara. Tsofaffin 'yan kasuwa suna da alamomin da suka tara. Wanda ya zo karɓar kaya bashi amma bai taya ba, duk kuɗin da ka yanka ya ce ya saya, ka yi hattara da shi, domin mai niyyar biya yana jin zafin kowace naira. Wanda ya cika rantsuwa tun ba a ƙaryata shi ba. Wanda ya karɓi kaɗan ya biya kafin ranar alkawari, ya sake, ya sake, sannan a karo na huɗu ya nemi ninki goma. Da wanda yake zuwa daidai lokacin da aka kira salla ko ana haɗa kaya za a tashi, don ya san a lokacin hankalinka ya rabu. Ko ɗaya daga cikin waɗannan ba hujja ba ce a kan kowa. Mutumin kirki ma yana iya zuwa da magariba. Amma in uku suka haɗu a kan mutum guda, ƙirjin tsohon ɗan kasuwa yakan yi nauyi ko da bai tsaya ya ƙirga su ba.

Wani dattijo mai sayar da hatsi a Katako, Allah Ya jiƙansa, yana da wata dabara da muke ganin ta fi duk nasihar da za mu iya yi. A littafinsa na bashi, gefen sunan kowa, yakan sa 'yar alama: ɗigo ɗaya in zuciyarsa ta natsu da mutumin a ranar da ya ba shi, ɗigo biyu in ta yi rawa amma ya bayar don kunya. Duk ƙarshen shekara, kafin ya fitar da zakka, sai ya zauna ya bi littafin ya ga su wa suka biya, su wa suka ɓace. Ya ce mana abin da ya gano ya ba shi mamaki. A kan baƙi da 'yan ƙauye, zuciyarsa ba ta cika kuskure ba. Inda take yaudararsa wuri biyu ne: dangi, da mutumin da ya zo da babbar riga da dogon carbi. Mu masu jan salla ba ma jin daɗin faɗin wannan, amma gaskiya ce, kuma duk ɗan kasuwa ya san ta. Tun daga nan ya kafa wa kansa doka, in ɗayan biyun nan ne ya zo, ba ya sauraron zuciyarsa, sai an rubuta an sa shaida, kamar yadda doguwar ayar bashi ta ƙarshen Baƙara ta yi umarni. Littafin nan shi ya zame masa sikeli. Mafi yawanmu ba mu da irinsa, shi ya sa mutum yake tuna sau ukun da jikinsa ya faɗa masa gaskiya, yana ba da labarinsu a majalisa har ya mutu, sau talatin ɗin da bai dace ba kuwa sun bi ruwa.

Malamanmu suna da suna ga wannan abu: firasa. Ba baƙon abu ba ne a addini. Masu tafsiri sun yi maganarta a ƙarƙashin aya ta 75 a Suratul Hijri. Ibnul Ƙayyim a Madarijus Salikin ya kasa ta uku: akwai ta imani, wadda haske ne da Allah Yake jefawa a zuciyar bawanSa, akwai wadda ake samu ta hanyar horar da kai, wadda ya ce mumini da wanda ba mumini ba duk suna iya samu, akwai kuma ta lura da halittar mutum da kamanninsa, irin ta likitoci. Ta farkon kyauta ce, ba a sayenta a kasuwa, kuma duk wanda ka ji yana tallar cewa yana da ita, to ka riƙe aljihunka. Wadda muke magana a kai ita ce wadda ba ta tambayar addinin mutum. Ɗan Ibo mai sayar da kayan gyaran mota yana da ita, tsohuwar Birom mai kawo kabeji ita ma tana da ita, wani lokaci fiye da tamu.

A cikin labaran da ake bayarwa na Iyasu ɗan Mu'awiya, alƙalin Basra a zamanin Umar ɗan Abdul'aziz, akwai wanda muke yawan kawowa ɗalibai. Wani ya kai ƙara cewa ya ba abokinsa ajiyar kuɗi a gindin wata bishiya a bayan gari, ba shaida, abokin kuma ya ce shi bai ma san bishiyar ba. Iyasu ya ce wa mai ƙara ya tafi wurin bishiyar ko zai tuna wani abu, ya zaunar da wanda ake ƙara a gefe, ya ci gaba da sauraron wasu shari'o'i. Can da aka jima, mutumin ya saki jiki, sai alƙali ya juyo ya tambaye shi ko yana ganin abokin nasa ya isa wurin yanzu. Ya ce a'a, ai da sauran tafiya. Shi ke nan ya kama kansa. Abin lura a nan, tun farko zuciyar Iyasu ta karkata ga cewa mutumin nan maƙaryaci ne, amma bai yanke hukunci da ita ba. Ya mayar da ita dalilin yin bincike, ya nemo hanyar da gaskiya za ta fito a gaban kowa.

Wani ɗanmu da ke karatu a Jami'ar Jos ya ba mu labarin da ya yi kama da wannan daga Amurka. Wani mai bincike, Gary Klein, ya yi shekaru yana hira da shugabannin 'yan kwana-kwana don ya gane yadda suke yanke shawara cikin daƙiƙa. Ɗaya ya ba shi labarin wata gobara da suka shiga kashewa a wani gida, suna zaton a kicin take. Suna ta feshin ruwa, wuta ba ta ja baya. Kawai sai ya ji a ransa su fita, ya daka wa yaransa tsawa. Fitarsu ke da wuya daɓen da suke tsaye a kai ya rufta, ashe wutar a ɗakin ƙarƙashin ƙasa take, irin ginin da suke yi a can. Mutumin ya daɗe yana ganin wata baiwa ce ta ɓoye gare shi. Da aka bi shi da tambaya, irin "me ka gani" ta iyayen gidanmu, sai ga shi ya tuna: zafin ɗakin ya fi ƙarfin wutar da yake gani, kuma wutar ba ta ƙara kamar yadda ya saba ji. Daga baya, a 2009, shi Klein ɗin da wani masani Daniel Kahneman, wanda ya yi suna wajen nuna yadda zuciya ke yaudarar mutum, suka haɗu suka yi rubutu guda. Suka ce ana iya dogara da irin wannan ji in an cika sharaɗi biyu: abin ya kasance yana maimaita kansa bisa tsari, kuma mutum ya daɗe yana gwadawa yana ganin sakamako da wuri. Da yaron ya gama, muka ce masa ai dattijon Katako ya riga su, shi dai bai rubuta da Turanci ba ne.

To, sharuɗɗan nan biyu su ne ke nuna mana inda ba a bin jiki. A ƙarshen 2016 da MMM ta rufe da kuɗin jama'a, da watan Afrilun 2025 da CBEX ta yi haka, mutane nawa ne a garin nan suka ce jikinsu ya ba su alheri ne? Har da 'yan kasuwar da ba a iya cutarsu da mudu ɗaya na masara. A ina jikin nasu ya koyi wannan harka? Bai taɓa ganin irinta ba balle ya san warinta. Kwaɗayi ne ya ari muryar firasa ya yi magana. Haka samarin da ke cacar ƙwallo a waya, kowa da "yau na ji a jikina." Har a harkar da muka sani ma akwai iyaka. Masu ajiyar hatsi da suka cika sito a kakar 2024 bisa sabon cewa farashi hawa yake yi in damina ta kusa, da yawa sun sha kashi a 2025 da farashin ya gangaro. Idonsu a kan ingancin masara bai yi kuskure ba. Abin da ya juya kasuwar, ciki har da dakatar da harajin shigo da wasu kayan abinci da gwamnati ta yi, a ofis aka yanke shi a Abuja, ba a fuskar kowane mai saye aka rubuta shi ba.

Sannan inda akwai hanyar tabbatarwa, ba a tsayawa sauraron ƙirji. Lokacin ƙarancin takardun naira a farkon 2023, da ciniki ya koma taransifa, yaran shago sun yi saurin gane masu alat na bogi: gaggawa, nuna maka fuskar waya daga nesa, "mota na jirana." Sun koya da wuri don a ranar ake gane an yi asara. Amma wanda ya fi su duka wayo shi ne wanda ya ce kowa ye kai, kaya ba sa fita sai ya ga kuɗi a asusunsa da idonsa.

Yanzu bari mu zo inda maganar ta fi nauyi, don a Jos "jikina ya ba ni" ba a kan bashi kaɗai ake faɗinta ba. Wanda ya ga Juma'ar 7 ga Satumba 2001, ya ga ƙarshen Nuwamban 2008, ya ga Janairun 2010, jikinsa ya koyi karanta gari ko yana so ko ba ya so. Kuma karatun na gaskiya ne. Rikicin 2001 bai faɗo daga sama ba. Makonni kafin abin da ya faru a Kongo Rasha ana ta ja-in-ja a kan naɗin wani muƙami na shirin yaƙi da talauci a Jos ta Arewa, takardun barazana suna yawo, dattawa da yawa sun ce iskar garin ta canja. Tun daga lokacin iyayenmu mata da direbobinmu suka tara alamomi. Matan ƙauye masu kawo kayan lambu ba su iso da sassafe ba. Motocin haya suna dawowa wayam daga hanyar da aka saba cika. Maƙwabcin shagonka da ba ya tashi sai shida ya fara ja da kaya ciki da ƙarfe biyu, bai kuma kalle ka ba. Iyaye suna ɗebo yara daga makaranta kafin a tashi. In tsohuwa ta ga biyu ko uku daga ciki ta ce kada kowa ya fita, a bi maganarta. In ta yi kuskure an yi asarar cinikin wuni ɗaya, in ta yi daidai an tsira da rai. Har abin da zuciya ke fara umarta ma gari ya gyara mana shi. Ranar 20 ga Mayun 2014 a Taminus, bam na biyu ya tashi ne bayan jama'a sun taru ceton waɗanda na farko ya rutsa da su, aka rasa mutum fiye da ɗari. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu suna taimako. Tun daga ranar ɗan Jos ya san in abu ya fashe ba a rugawa kallo.

Amma wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoro ma yana magana da irin muryar da firasa take magana da ita, a wuri ɗaya a ƙirji, kuma raba su shi ne aikin da ya fi wuya. Hanyar da muka sani ita ce dai tambayar nan ta maigida. Firasa in ka matsa mata da "me ka gani", tana kawo wani abu: motar da ta juyo, shagon da aka rufe, baƙuwar fuskar da ta wuce sau uku tana kallon ƙofar masallaci. Tsoro in ka matsa masa ba ya kawo komai sai ƙabilar mutum, ko addininsa, ko "an ce." A rikicin 2010 saƙonnin waya na ƙarya sun yi ta yawo a ɓangarorin biyu suna ƙara wa wuta fetur, lokacin ma ba WhatsApp a hannun kowa. Yau hoton gawa daga wata ƙasa zai shigo wayar yaro, cikinsa ya ɗuri ruwa, ya fito yana cewa jikinsa ya ba shi yau akwai abu. Wayarsa ce ta ba shi.

Abin da ya fi damunmu shi ne yaran da aka haifa bayan 2001. Mu mun yi makaranta da 'ya'yan Birom da Jarawa da Anaguta, mun ci abinci a gidajensu, mun ba su bashi sun ba mu. Mun san mai gaskiyarsu, mun san macucinsu, kamar yadda muka san namu. In ɗayansu ya yi mana magana muna iya karanta fuskarsa, don mun karanta dubunta. Yaron da ya tashi tsakanin Unguwar Rogo da titin Bauchi da Gangare, bai taɓa zama da kowa ba sai irinsa, da me zai karanta ta? Sikelinsa bai taɓa ɗaukar wannan kaya ba. Duk abin da ƙirjinsa zai faɗa masa a kansu, labarin da ya ji ne yake dawo masa. Kuma can a Kabong da Unguwar Rukuba akwai yaro sa'ansa da bai taɓa zama da Bahaushe ba, shi ma ƙirjinsa yana faɗa masa abu a kanmu. Matafiyan nan fiye da ashirin da aka kashe a hanyar Rukuba ranar 14 ga Agustan 2021, suna dawowa daga taron zikiri a Bauchi za su koma jihar Ondo, ba su san kowa a garin nan ba, ba su yi wa kowa komai ba. Waɗanda suka tare su kamanni suka gani suka yanke hukunci. In muna kuka da wannan, kuma dole mu yi kuka da shi, to kada mu yarda a yi renon irinsa a cikin gidajenmu da sunan firasa.

Ku dubi Malam Abubakar Abdullahi, wanda ya yi limancin Nghar Yelwa a Barikin Ladi. Ranar 23 ga Yunin 2018 mutane suka kwararo garinsa a guje, mafi yawansu Kiristoci, maharan na biye da su. Ba shi da lokacin shawara da kowa. Ya buɗe masallaci da gidansa ya ɓoye mutum fiye da ɗari biyu, ya fita ya tsaya a gaban masu bindiga. Shawarar daƙiƙa ɗaya ce, amma zuciyar da ta yanke ta ta yi shekaru masu yawa tana zaune da mutanen nan, ta san su ɗaya ɗaya.

Don haka iyakar da muke koya wa ɗalibai, kuma muke bi in an kawo mana magana a masallaci, ita ce wannan: abin da ka ji a jikinka yana ba ka ikon ka kare kanka, ba ya ba ka iko a kan wani. Kana iya hana bashi, kana iya fasa tafiya, kana iya rufe shago ka koma gida, ba wanda zai tambaye ka hujja. Amma ka ambaci sunan mutum da sata, ko ka ce wa jama'a wancan baƙon ɗan leƙen asiri ne, ko ka ɗaga hannu a kansa, wannan sai da shaida, kuma hukuma ce ke da shi. Suratul Hujurati ta yi maganar bincika labari kafin a yi aiki da shi, ta kuma yi maganar zato, duk a sura ɗaya. Hausawa ma sun ce zato zunubi ko da ya zama gaskiya.

A zaman sulhu muna ganin amfanin wannan iyaka kullum. Miji da mata za su zo, kafin su zauna mutum ya riga ya ji inda matsalar take: wa ke amsa tambayar da aka yi wa wani, wa ke kallon ƙasa in an ambaci kuɗin cefane, wa ya zo da rakiyar da ta fi shi zafi. Wannan ji yana nuna mana tambayar da za mu yi ne, da wanda za mu keɓe mu saurara shi kaɗai. Hukuncin kuwa sai abin da aka faɗa da baki aka tabbatar. Haka binciken aure. In uwa ta ce yaron nan bai kwanta mata ba, kada a yi mata dariya, kada kuma a kori yaro a kan haka. A tambaye ta me ta gani. Sau da yawa sai ta tuna: yadda ya yi wa ƙanen yarinyar tsawa, ko yadda labarin sana'arsa ya canja tsakanin zuwan farko da na biyu. Wannan abin bincikawa ne, a tura mutum unguwarsu da wurin aikinsa. Wani lokaci kuma in an matsa sai ka tarar ba komai sai dai garinsu ko talaucin gidansu, ita ma da ta ji da bakinta sai ta yi shiru. Istihara kuma da ake cewa a yi, addu'a ce bayan raka'a biyu, mutum ya yi ta da kansa bayan ya yi bincike ya yi shawara. Ba aikin da ake ba wani malami kwangila ya kwana ya yi maka mafarki ba ne, kuma rawar ido da karo da wane da sassafe ba su da alaƙa da abin da muke faɗa.

Roƙonmu ga iyayen gida masu yara a shago: ku dawo da tambayar nan. Yanzu yaro yana zaune a rumfa kansa na cikin waya, mai saye ya zo ya tafi bai ga fuskarsa ba, shekara biyar bai tara komai ba. Ku sa shi ya yi hasashe da baki kafin abu ya faru, ku sa shi ya faɗi dalili, in sakamako ya fito ku tuna masa. Ku riƙa tafiya da shi sari Farin Gada da Bukuru da kasuwar Mangu ta ranar Juma'a, ya yi ciniki da mutanen da ba yarensu ɗaya ba, a cuce shi kaɗan, a kuma yi masa alherin da bai zata ba, duka biyun karatu ne. Wanda ke ba da bashi ya gwada ɗigon dattijon Katako na shekara guda.

Ga samarinmu masu kula da zaurukan WhatsApp na unguwa kuma, mun kawo shawara a masallaci, dattawa sun karɓa: duk wanda zai sa labarin tashin hankali ya faɗi abu uku, a ina, ƙarfe nawa, kuma da idonsa ya gani ko faɗa masa aka yi. In babu ukun nan a goge saƙon, ko na waye. Za a zauna da masu kula da zaurukan ranar Asabar bayan La'asar a harabar makarantar Islamiyya don a tsayar da yadda za a yi, kuma ana bukatar direbobi da iyayenmu mata masu zuwa kasuwa da asuba su turo wakilai, tunda su ne ke fara ganin gari.